Sana'ar Gyaran Rediyo da Rikoda a Ƙasar Ɗandume: Yadda Ake Yinta da Hatsarin da ke Cikinta

Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna rubutu a kan sana'o'in gargajiya, irin su ƙira da jima da dukanci da wanzanci. Amma ba safai akan waiwayi sana'o'in da suka shigo tare da zamani ba, ko da yake wasunsu sun haura shekara 50 a hannun Bahaushe, har sun sami nasu ladubba da kalmomi da tsarin koyo. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce gyaran rediyo da rikoda da ampilifaya, watau na'urorin sauti masu aiki da tiransisto.

Wannan maƙala za ta dubi sana'ar kamar yadda ta shafi ƙasar Ɗandume, wadda ke kudancin Jihar Katsina, a yankin noma na Funtuwa da Malumfashi. Za a bayyana yadda na'urorin suka shigo, da yadda suke aiki, da abubuwan da ke ɓata su, sa'an nan a tsaya a kan hanyoyin da mai gyara zai bi ya tsira da ransa, kayan mutane kuma su tsira daga hannunsa.

Yadda Na'urorin Suka Shigo

Rediyon farko da aka sani a ƙasar Hausa mai kwalabe ce a ciki. Tana da nauyi, tana cin wuta da yawa, kuma sai an kunna ta an jira kwalaben sun yi zafi kafin ta yi magana. Saboda haka ba ta wuce gidajen sarakuna da manyan ma'aikata da attajiran birni ba. Manomin ƙauye kuwa sai dai ya ji labarinta.

Abin da ya sauya wannan hali shi ne ƙirƙiro tiransisto. A cikin Disamba 1947 wasu masana uku a Amurka, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, suka gano ta a ɗakin bincike na kamfanin Bell, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1956. A 1954 aka fara sayar da rediyo mai tiransisto a Amurka, daga nan kamfanonin Japan irin su Sony da National da Sharp suka cika duniya da ita. A 1963 kuma kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da ƙaramin kaset. Da waɗannan abubuwa biyu suka haɗu, sai ga akwatin da mutum zai rataya a kafaɗa, ya sa masa batir irin na tocila, ya tafi da shi gona.

Akwai kuma abin saurare. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979. A tsakiyar shekarun 1970 kuɗi suka shigo hannun jama'a. Ma'aikata sun sami ƙarin albashin Udoji, manoman yankin Funtuwa kuma aka kawo musu shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya a 1975, ga kuma kuɗin auduga. Rediyo da rikoda suka zama cikin abubuwan da manomi kan fara saye in kaka ta yi kyau. Duk inda kaya suka yawaita kuwa, dole a sami mai gyara su. Ta haka sana'ar ta kafu a garuruwan kasuwa kamar Ɗandume, inda mutanen ƙauyuka kan zo da hatsi ran kasuwa, su zo kuma da rediyonsu da ta daina magana.

A yau wayar hannu ta ƙwace wa rikoda kasuwa, amma ba ta kashe sana'ar ba. Masallatai da makarantun Islamiyya da masu shela a kasuwa duk da ampilifaya suke aiki. Har ila yau, a Satumba 2021 an rufe layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi suna ciki. A watannin da aka yi a haka, wanda ke da rediyo mai lafiya shi ne ke jin abin da duniya take ciki.

Yadda Suke Aiki

Tiransisto 'yar ƙaramar aba ce mai ƙafa uku. Aikinta shi ne ta sa wuta kaɗan ta juya wuta mai yawa. Ana iya kwatanta ta da mai noman rani da ke tsaye a bakin hanyar ruwa: da 'yar ƙasar da zai ture da fartanya yake sakin ruwan da zai cika fangali, ko ya tsai da shi. Haka 'yar wutar da ke fitowa daga makirfo ko kan kaset take shiga ƙafa ɗaya, ta riƙa buɗewa da rufe hanyar babbar wutar da ke bi ta sauran ƙafafu biyun. Babbar wutar sai ta ɗauki siffar muryar, ta kai ta ga lasifika da ƙarfi.

Kowace ampilifaya tana da sassa uku. Na farko shi ne sashen wuta, inda tiransifoma ke rage wutar lantarki ta gari, wadda a Nijeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, sa'an nan diyod su mai da ita mai tafiya gefe ɗaya kamar ta batir, manyan kwandansa kuma su tara ta su daidaita. Na biyu shi ne sashen da ke karɓar muryar tana 'yar ƙarama ya ɗan ɗaga ta, a nan ne maɓallan ƙara murya da tace ta suke. Na uku shi ne sashen ƙarfi, inda manyan tiransisto suke liƙe a jikin wani faffaɗan ƙarfe mai shan zafi. Mafi yawan ɓarna mai tsada a sashe na uku take aukuwa, mafi yawan hatsarin rai kuwa a na farko yake.

Abubuwan da ke Ɓata Su

Yanayin ƙasar kansa yana da hannu. Da hunturu ƙura kan shiga maɓallai, shi ya sa akan ji ƙaraf-ƙaraf in an murɗa su. Da damina, wadda ke da ƙarfi a kudancin Katsina, ƙurar nan kan sha danshi ta kawo tsatsa, tsawa kuma kan biyo ta wayar eriya ko ta lasifikar da aka ɗaura a kan hasumiya. Kyankyasai da ɓeraye suna son ɗumin cikin akwati, ballantana a gidan da aka jibge buhunan masara. Batirin da aka manta a cikin rediyo kuma yakan zubar da ruwansa ya cinye ƙarafa.

Sauran ɓarnar ta ɗan Adam ce. Akwai wutar janareta da kan yi sama ba zato. Akwai juya kan batirin mota, a sa jar waya inda baƙa ya kamata ta shiga. Amma wadda ta fi yawa a masallatai ita ce tara wa ampilifaya lasifika fiye da ƙarfinta, musamman da azumi, lokacin tafsiri, sa'ad da kowace unguwa ke son murya ta kai mata. Lissafin abin mai sauƙi ne. Lasifika tana da wani awo da ake kira om, wanda ke nuna yadda take tare wuta. In aka haɗa biyu masu om 8 kai da kai, sun koma om 4. In aka haɗa huɗu, sun koma om 2. Kowane raguwa yana nufin ƙarin wutar da tiransisto za su ɗauka, har su yi zafi su ƙone. Wannan ne dalilin da ya sa ampilifayar masallaci, irin ta kamfanin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan, takan zo da wata mafita ta daban mai bolt 100, wadda aka yi musamman domin lasifika masu yawa, kowace da 'yar tiransifomarta.

Tsaron Rai

Mutane da yawa suna zaton in an zare filogi hatsari ya ƙare. Ba haka ba ne. Manyan kwandansa suna riƙe wuta bayan an kashe na'ura, wani lokaci na mintoci masu yawa. A tsohuwar ampilifaya mai ƙarfi abin da suke riƙewa yakan kai bolt 50 ko fiye. A sababbin na'urori marasa babbar tiransifoma kuwa, kwandansa ta farko tana ɗauke da wajen bolt 325. Wutar da ake bukata a halaka mutum kuma ba ta da yawa: kashi 50 cikin 1000 na amfiya ɗaya, in ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, tana iya rikita bugun zuciya. Ƙwan fitila mai wat 60 yana jan abin da ya ninka wannan sau biyar.

Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce a zare filogi, a sauke wutar kwandansa, sa'an nan a gwada da mita a tabbata ta sauka. Akan sauke ta ne ta hanyar ɗora resista mai ƙarfi a kan ƙafafunta biyu na ɗan lokaci. Wasu kan haɗa ƙafafun da bakin sukundireba, amma wannan ganganci ne, domin tartsatsin da ke tashi yana iya shiga ido, yana kuma lalata kwandansar.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi lokacin da ba makawa sai an yi gwaji da wuta a kunne. A nan mai gyara zai yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana baya ko cikin aljihu, domin kada wuta ta shiga ta wannan hannu ta fita ta wancan, zuciya tana tsakani. Zai cire zobe da agogon ƙarfe, ya sa takalmin roba, ya zauna a kan kujerar katako a busasshen wuri. Wanda ya dawo daga alwala sai ya bari hannu da ƙafa su bushe sarai, don jiƙaƙƙen jiki hanya ce buɗaɗɗiya ga lantarki. Bai kamata kuma ya yi irin wannan aiki shi kaɗai a shago ba.

In wuta ta kama mutum, wanda ke kusa kada ya cafke shi da hannu. Ya kashe wutar daga tushe, in bai iya ba ya ture shi da busasshiyar sanda. Ba a kwara masa ruwa, ba a kuma ɗura masa madara ko manja alhali bai san inda yake ba, domin yana iya shaƙewa. A kai shi asibiti ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, saboda zuciya takan rikice daga baya.

Akwai wani hatsarin da ba ya nuna kansa nan take, shi ne na dalma. Wayar da ake narkawa a yi liƙi da ita, mafi yawanta kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma, tana narkewa a zafin da ya kai wajen digiri 190. Hayaƙinta, wanda na ƙaron da ke cikinta ne, yana cutar da ƙirji, don haka ake son shago mai iska. Dalmar kuwa ta hannu take shiga baki. Mai gyaran da ke riƙe wayar da haƙori, ko yake ɓantarar goro bai wanke hannu ba, kullum yana haɗiyar guba kaɗan-kaɗan. Illar ta fi tsanani ga yara, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400, ya isa ishara. Kada a bar ƙananan yara su yi wasa da sharar shago, kada kuma a ƙona tsofaffin allunan rediyo a tsakar gida.

Batirin mota da na sola ma abin kula ne. Lokacin caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ruwansa kuma yana ƙona fata. Ba a kunna ashana kusa da shi, ba a ɗora masa ƙarfe a kai.

Tsaron Kaya

Hausawa suna cewa garin neman gira a rasa ido. Sau da yawa na'ura kan zo shago da ciwo ɗaya ta koma da uku. Ƙwararren mai gyara yakan fara da tambaya: yaushe ta daina, da me aka haɗa ta, an ji wari ko an ga hayaƙi? Sa'an nan ya buɗe ya duba da ido, ya nemi kwandansar da ta kumbura, da resistar da ta yi baƙi, da liƙin da ya tsage. Sai bayan haka zai ɗauki mita.

In fis ya ƙone, akwai abin da ya ƙona shi. Fis mai gadi ne, ya mutu ne domin sauran su rayu. Ɗaure shi da wayar tagulla ko takardar taba, kamar yadda wasu ke yi, yana nufin lokaci na gaba tiransifoma ce za ta ƙone, wataƙila har da ɗakin. Sai a nemi dalili, a sa wani fis mai lamba ɗaya da na da.

Gwajin tiransisto yana da ƙa'ida. In aka auna tsakanin ƙafar da ke karɓar murya da kowace ɗaya daga cikin sauran, lafiyayya takan nuna bolt 0.6 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, ta ƙi nuna kome in an juya wayoyin mita. Tsofaffin rediyo na shekarun 1960, waɗanda aka yi tiransistonsu da wani ma'adini dabam, sukan nuna 0.2 zuwa 0.3, kada a ɗauka sun lalace. Wadda ta nuna sifiri ta kowace fuska ta ƙone. Manyan tiransisto kuma bibbiyu suke aiki, in ɗaya ta mutu takan ja 'yar'uwarta da ƙananan da ke bayanta, saboda haka sai an bi su duka. Wajen ɗaurawa, kada a manta da 'yar siririyar takardar da ke raba tiransisto da ƙarfen shan zafi, da farin man da ake shafawa. Rashin ta farko yana haɗa wuta, rashin na biyu yana tara zafi. A kuma yi hattara da jabun kaya, masu lamba daidai amma cikinsu ƙarami. Araha ba ta ado.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ke ceton kaya masu yawa. Kafin a kunna na'urar da aka gama gyarawa, sai a sa ƙwan fitila mai wat 60 ko 100, irin na da mai zare a ciki, a kan hanyar wutar da za ta shiga, yadda sai ta ratsa ƙwan kafin ta kai ga na'urar. In ƙwan ya haska ya dushe, alama ce mai kyau. In ya tsaya da haske sosai, akwai sauran ciwo, amma ƙwan ya tare wutar, sababbin tiransisto ba su ƙone ba. Bayan wannan sai a auna bakin da ake haɗa lasifika. Ya kamata mita ta nuna kusan sifiri. In ta nuna wuta mai yawa a tsaye, duk lasifikar da aka haɗa za ta ƙone cikin ƙiftawar ido.

Kaset da Abin da ke Cikinsa

A nan ne sana'ar ta haɗu da aikin ɗaliban Hausa. A gidaje da yawa na wannan yanki akwai kaset na shekarun 1970 da 1980 masu ɗauke da wa'azin malamai da tafsiri da waƙoƙin makaɗa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya zauna a Funtuwa, ya yi wasa a bukukuwan wannan ƙasa, kuma a lokacin duk mai rikoda yakan ɗauki abin da ya ji. Irin wannan kaset na biki sau da yawa shi kaɗai ne a duniya. In rikoda ta tauna shi, an yi hasarar da ba a mayarwa.

Don haka ba a gwada rikodar da aka gyara da kaset mai daraja, sai da wanda ba a jin hasararsa. Abin da ke sa tauna kaset yawanci bel ne da ya saki, ko 'yar ƙafar robar da ke jan zare ta yi datti ko ta taurare. Kan da ke karanta zaren ana goge shi da auduga da sifirit, ba a kankare shi da reza. Zaren yana tafiya santimita 4.76 a daƙiƙa, in gudun ya ragu ko ya ƙaru muryar mawaƙi ta sauya, mai nazarin karin sauti kuma ya yi aiki a kan kuskure. Tsohon kaset ana ɓalle 'yan haƙoran da ke bayansa domin kada a yi ɗauka a kansa bisa kuskure, a ajiye shi nesa da rana da maganaɗisun lasifika. Mafi kyau duka shi ne a juye shi cikin kwamfuta tun zaren yana da rai, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da lafiyayyar rikoda.

Koyo da Harshe

Ba a gadon wannan sana'a kamar ƙira, amma tsarin koyonta na gargajiya ne. Uba yakan kai ɗansa wurin maigida, yaro ya fara da shara da aike da kwance sukurori, ya yi shekaru kafin a ba shi mita. Amfanin wannan tsari shi ne yaro yana ganin kaya iri-iri. Rauninsa shi ne ana koyon kuskuren maigida tare da gwanintarsa, ba safai kuma ake bayyana dalilin abu ba. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne, balle a gaban lantarki.

Ta fuskar harshe, sana'ar ta bi hanya biyu. Ta ari kalmomi ta gyara su bisa tsarin sautin Hausa: baƙaƙen da suka cunkushe an raba su da wasali, kamar a tiransisto da tiransifoma, harafin p kuma ya koma f, kamar a lasifika da filogi. Sa'an nan ta faɗaɗa ma'anar kalmomin gida, ta mai da na'ura kamar mai rai. Tiransisto tana da ƙafa, rikoda tana da kai, tana tauna kaset, rediyo tana magana, tana shaƙewa, tana kama tasha, tana mutuwa, in an gyara ta kuma a ce ta tashi.

Kammalawa

An ga yadda ƙirƙirar da aka yi a Amurka a 1947 ta haifar da sana'a a kasuwannin kudancin Katsina, da yadda lafiyar mai gyara da ta kayan jama'a suka rataya a kan 'yan ƙa'idoji kaɗan: sauke wutar kwandansa, aiki da hannu ɗaya, wanke hannu daga dalma, girmama fis, da gwaji da ƙwan fitila. Babu ɗaya cikinsu da ke bukatar kuɗi mai yawa. Abin da ake bukata shi ne a rubuta su da Hausa mai sauƙi, a kai su ga yaran shago. Sassan Hausa na jami'o'i suna da rawar takawa a nan, su tattara kalmomin sana'ar daga bakin masu ita, su kuma haɗa kai da tsofaffin masu gyara wajen juye kaset ɗin da ke jibge a akwatuna, tun masu iya tayar da rikoda suna nan.